Gwangwani na Uku: Ta'aziyyar Kawu Bunu Mai Majigi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ko mun kintsa ko ba mu kintsa ba.

Ranar Lahadi, 22 ga Agusta, 1982, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Bunyaminu Ango Kaoje, wanda ƙasar Bagudo da ƙauyukan tsallaken iyaka suka fi sani da Bunu Mai Majigi. Ya rasu a gidansa yana da shekara sittin da uku, bayan mako biyu yana fama da ciwon ƙirji. Ƙanen mahaifiyata ne, don haka ni Kawu nake ce masa. Labarin ya iske ni a Sakkwato ranar Talata, ina tsakiyar duba takardun jarrabawa. Kafin in sami direban da zai yarda ya sa motarsa a hanyar Kaoje da tsakar damina, har an yi sadakar uku an watse. Ban ga gawarka ba, Kawu. Tudun ƙasa na gani, ruwa ya riga ya fara zaizaye shi.

An saba a irin wannan rubutu a ce mamaci bai taɓa faɗin abin da ba haka yake ba. Ni ba zan yi maka wannan shaidar ba, don da kana nan kai za ka fara dariya. Shekara ashirin da 'yan kai ka yi kana tsayawa gefen farin ƙyalle da makirufo a hannu, kana sa wa mutanen da ba ka taɓa gani ba magana a baki. Sana'arka ke nan, kuma ban ga wanda ya kai ka ba.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda majigi yake. Mota ta iso da la'asar, a ɗaure ƙyalle tsakanin sanduna biyu a filin makaranta, ana idar da sallar isha a ta da inji. Finafinan da Turanci suke zuwa, don haka mai majigi sai ya rage muryar fim ya ɗora tasa. Abokan aikinka takarda suke karantawa, wadda aka rubuto musu daga ofis, mutane na hamma. Kai takardar mafici ka mayar da ita. In an nuno wani yana shan ruwan kududdufi a fim ɗin kurkunu, sai ka ce, “Jama'a, wanga bawan Allah ba ni faɗin sunanai, amma ku dubi hulatai, ku dubi ta Sarkin Fawa.” Fili ya ɗauki dariya, Sarkin Fawa ya rantse sai ya kai ka ƙara, kashegari kuma a ga gidansa an fara tace ruwa. Abin da malaman tsafta suka yi shekaru suna wa'azi a kai, kai da hula ɗaya ka gama shi.

A shekarar samun 'yancin kai, kai ka zagaya da fim ɗin saukar tutar Turawa. Ka nuna shi a Bagudo, ka nuna a Sharabi, a Matsinkai kuwa sau uku ka nuna don babu wani fim a motar. A karo na uku wani tsoho ya tare ka ya ce, “Bunu, wai su mutanen ga kullum sai sun komo an sake korassu?” Ka ce, “Baba, ai shi ya sa nake zuwa, in tabbatar sun tafi.”

Motar majigi ta ɗauki masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara fiye da yadda ta ɗauki fim. Shekarar kwalara wani baƙo ɗan Dandi ya mutu a mashigin jiragen ruwa, ba wanda ya san danginsa, ba likkafani, kowa yana tsoron taɓa shi. Ka kwance ƙyallen majigi ka yi masa sutura da shi. Wata huɗu ka yi kana haska fim a bangon makaranta mai tsaga a tsakiya, duk wanda ya fito sai ya fito da tabo a goshi. Da ofis suka rubuto suna tambayar ina ƙyalle, da layi ɗaya ka amsa, cewa yana inda ya fi amfani.

Ni ma kaya ce daga cikin kayan motar nan. A cikinta ka kai ni makarantar 'yan mata a Birnin Kabi, ina zaune tsakanin inji da gwangwanayen fim, na isa ina warin fetur. Kai ka saya min ƙamus. Ka miƙo min shi ta tagar mota ka ce, “Ki koyo Turancin ga da kyau, Rabi, ki zo ki gaya mini abin da suke faɗi ina rufe musu baki.” Na koyo, Kawu. Na kuma zo na gaya maka. Zan iso wurin.

Fim ɗin da ya sa nake wannan rubutu bisa kuskure ya shigo ƙasarmu. Kana da aboki a Segbana, cikin Dahome kafin ta koma Benin, mai suna Ɗanmusa, shi ma majigi yake yi a can. Kukan haɗu a kasuwar Tsamiya ku yi musayar finafinai kamar manoma masu musayar iri, ka ba shi na takin zamani, ya ba ka na auduga. A damunar 1974 ya ba ka gwangwani uku, an rubuta a jikinsu da Faransanci cewa feshin auduga ne. Har yau Ɗanmusa yana rantsuwa bai san yadda aka yi ba. Ba ka gwada su ba. Ka ajiye su sai bikin 'yancin kai, ɗaya ga Oktoba, a Kaoje.

Kowa ya tuna wace shekara ce. Fari ya yi shekara biyu yana cin shanu. Fulani sun gangaro bakin ruwa da ragowar abin da ya tsira, akwai mai garken tamanin da ya iso da sanda kawai a kafaɗa. Su ne suka zauna can baya a daren, ba don sun damu da auduga ba, sai don ba su da abin tsaro a ruga.

Ina wurin, cikin 'yan mata a gefen hagu, kusa da inji. Wakilin hakimi yana kan kujera a gaba, da limamai biyu. Ka gyara murya ka ce, “Manoma, yau za mu ga maganin tsutsar auduga.” Sai haske ya kawo. Babu gona, babu tsutsa. Wani siririn Bature ne a kan dandamali cikin hayaƙi, gashinsa ja kamar an tsoma shi a lalle, ya zizara kwalli har kunne, kumatunsa na ƙyalli, rigarsa duk ƙananan madubai, takalminsa kuwa dunduniyar ta kai tsayin ƙaramin turmi. Bayansa wasu uku masu kama da shi suna dukan jita da ganguna kamar sun yi musu laifi. A gabansa dubban 'yan matan Turawa suna miƙa hannu suna kuka har da majina. Sai daga baya, a jami'a, na san ko mene ne: wasan kiɗan samarin Ingila ne na wancan lokaci, mai ƙyalƙyali, da suke kira gilam, aka ɗauka a wani babban zaure. A daren kuwa ba wanda ya san ko namiji ne ko mace, mutum ne ko aljani. Liman ɗaya ya fara laluben takalminsa.

Na ga hannunka ya tafi wajen makunnin inji. Kafin ka kashe, daga can baya wani Bafillatani mai suna Namadi ya ɗaga murya ya ce, “Kai! Wannan namu ne!” Fuskar ya gani. Haka samarinsu na daji suke ado ranar rawa, kwalli da jar ƙasa da madubi a ƙirji. Sai ka janye hannu. Ka kai makirufo baki ka ce, “Gaskiyarka, Namadi. Wanga sunanai Na-Madubi. Fari ya cinye mai garke, ya bi teku har ƙasar Turawa. Yau ya yi adon rawa ya tara su shina gaya musu shanun da ya rasa. Kun ga 'yan matan ga da ke kuka? Shanunai suke wa kuka.”

Liman ya saki takalminsa ya gyara zama.

Gwangwani biyu na farko hayaniya ce da tsalle, ka cika su da labarin tafiyar Na-Madubi da yadda ya yi faɗa da sanyi da abincin Turawa. A na uku akwai waƙa guda mai sanyi. An kashe fitilun zauren sai ɗaya, mawaƙin ya durƙusa a bakin dandamali, kwallinsa ya narke da gumi yana gangarowa, jita ɗaya tana bin sa a hankali kamar goge. Nan ka fara kiran sunayen shanu, waɗanda ka sani: Raneye, Woɗeye, Saye. Namadi ya jefo maka sunan tasa daga baya, ka kira. Wani ya jefo, ka kira. Mazan da ake tsula wa bulala a sharo suna murmushi, su ne na ji suna jan hanci cikin duhu.

Ɗanmusa bai taɓa neman gwangwanayensa ba, da ya nema ma da ba a ba shi ba. Shekara ta zagayo, mutane suka ce ba a bikin 'yancin kai sai da Na-Madubi. Ana zuwa a kwalekwale, ana takowa daga Segbana a ƙafa. Samari suka fara liƙa madubi a hula. Wani baduku a Bagudo ya yi suna wajen ƙara wa takalma tsayi da tsohuwar taya, har sai da mutum biyu suka gurɗe. Da ka yi ritaya aka bar maka tsohon inji, ka ci gaba da kanka.

A shekara ta biyu ne aka kawo maka sunan da ba na saniya ba. Batulu, matar Namadi, ƙyanda ta kashe mata ɗan fari a lokacin farin nan. Kowa ya san al'adarmu, Hausa da Fulani: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yana raye ko ya mutu, ba kuma ta nuna kukansa a gaban mutane. Sai ta aiko ƙanwarta ta raɗa maka sunan. Da aka zo waƙar mai sanyi ka kira shi a tsakiyar shanu, a hankali, sau biyu. Daga shekarar, kwanaki kafin biki mutane suke zuwa ƙofar gidanka da sunaye, wanda ruwa ya ci, wadda ta tafi wajen haihuwa, wanda ya tafi cirani bai dawo ba. Ba ka taɓa rubutawa ba, a ka kake riƙe su. In waƙar ta ƙare sunaye ba su ƙare ba, sai ka mayar da zaren fim baya a sake, sau biyu, sau uku. Shekarar da innata ta rasu, yayarka, da kanka ka kira sunanta, muryarka ta tsinke, ka bar jita ta ƙarasa. Ni ma na yi kuka a daren, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

An sha tambayata a jami'a, a Zariya, abin da manoman shinkafa da makiyaya suke gani a fim irin wannan da ba sa gajiya da shi. Nakan ba da amsoshi masu dogayen kalmomi. Amsar gajeriya ce. A ƙasarmu an yi wa kuka iyaka: a hankali, cikin ɗaki, kwana uku, sannan a ce ka yi haƙuri kada ka saɓa wa Allah. Fim ɗin nan ya ba mutane fili, da duhu, da dubban 'yan mata farare da suka riga su farawa, ta yadda ba wanda za a nuna a ce shi ya fara. Kuma mutumin da ke kan ƙyallen, duk da asarar da ka ce ya yi, bai fito da tsumma ba. Ya yi ado iyakar ado ya fito. Mutanen da suka rasa komai sun gane wannan kafin ni.

Sai 1979. Na dawo da digiri a Turanci, da tabarau, da wani irin murmushi da na koyo a jami'a wanda ake yi wa mutanen gida. Shekara uku ina sauraron fayafayan Turawa, kunnena ya buɗe. A daren, karo na farko, na ji abin da mawaƙin yake faɗa a ƙarƙashin muryarka. An gama waƙar mai sanyi sau ɗaya, ka kunna fitila kana mayar da zare don a sake. Sai Malam Hassan, matashin da ke koyar da Larabci a firamare, ya juyo ya ce, “Malama Rabi, ke da kinka yi karatun, da gaske shanu yake kira?” Ba da mugunta ya tambaya ba, so yake ya sani. Ina iya cewa ban ji da kyau ba. Ina iya cewa a tambayi Kawu. Sai na yi dariya, na ce, da muryar da ta kai layi na biyar, “Malam, ko ɗan maraƙi babu a bakinsa. Wani yake lallashi ya biyo shi ɗaki, kuma yadda ya tsara zancen ban tabbata mace ce ba.”

Na zaci za a yi dariya. Mutum biyu suka fara, suka haɗiye. Maganar ta bi layi layi har baya. Batulu, wadda ba a daɗe da kiran sunan ɗanta ba, ta tashi ta ja mayafi ta fita, mata suka bi ta. Ba ka sake waƙar ba. Ka naɗe zare, ka rufe gwangwanaye, muka tako gida tare kana ɗauke da su a ka, ba ka bari na karɓa ba. A ƙofar gida ka ce, “Turancinki ya yi kyau, Rabi. Ƙamus bai tafi a banza ba.” Da zagina ka yi, da yanzu na warke.

Ba ka ƙara nuna shi ba. Oktoba biyu suka wuce filin makaranta ba kowa. Abin da ban sani ba sai a zaman makokin nan, da matarka Inna Sabuwa ta gaya min, shi ne mutane ba su daina zuwa roƙonka ba. Batulu da kanta ta zo a shekarar da ta biyo. Ta ce, “Bunu, a nuna mana Na-Madubi.” Ka ce, “Ai kin ji abin da yarinya ta ce.” Ta ce, “Mun ji. To mu wawaye ne? Wa ya taɓa ganin Bafillatani da takalmi irin wannan, da wace ƙafa zai bi shanu? Tun daren farko mun san kai ke magana. Abin da ya tashe ni, an faɗa ne da ƙarfi gaban mutane, ina tsakar kuka.” Ashe a duk filin nan, mai digiri ce kaɗai ta zaci akwai asirin da za a tona. Amma ka ƙi. Ka ce mata, “In na buɗe baki yanzu, maganarta nake ji.” Duk da haka kowane wata kana fito da zaren, ka bi shi da tsumma mai laushi daga farko har ƙarshe, ka sha masa iska a inuwa don kada damshi ya manne shi, ka mayar.

Ni kuwa na aiko maka da rediyo, na aiko da maganin tari, na rubuto wasiƙu a kan komai banda wannan. Na sa a raina Babbar Sallar bana zan zo in durƙusa. Har kalmomin na tsara. A wurin jana'iza akan tashi a ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Ba a taɓa ware wuri ga wanda shi ya yi wa mamacin laifi ba.

Yanzu ga inda muke, Kawu, don ba ka nan aka yanke. Bayan sadakar bakwai ɗanka Ma'azu ya ce ranar arba'in za a ƙone gwangwanayen uku. Arba'in ɗinka kuwa ta faɗo Juma'a, ɗaya ga Oktoba. Ya tambayi Malam Hassan, aka gaya masa wanda ya bar abin da ake saɓo da shi, alhakin yana bin sa har kabari muddin abin yana nan. Ma'azu ba mugu ba ne. Tsoro yake ji maka, ya rame, kullum yana maƙabarta. Na same shi a zaure na gwada wasan taubasai da muka saba, na ce, “Kai mai kunnen jemage, yaushe ka zama alƙali ba a gayyace ni naɗi ba?” Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, “Rabi, ba mu munka ce akwai alfasha ciki ba. Ke kika ce. Ga Alƙur'ani can. Ki dafa ki ce ƙarya kika yi, in bar su, in ma ɗauko inji in haska da kaina.” Na dubi Littafin, na dubi Ma'azu. Na tashi na fita. Ban yi ƙarya ba, Kawu. Bala'in ke nan.

Kashegari Inna Sabuwa ta kira mu ɗakinta, mu biyu. Tana zaune a tabarmar takaba, ba ta ɗago ta dube mu ba. Ta ce, “Ni ban san Turanci ba, ban san fatawa ba. Amma na san mace na da tumuni cikin abin da mijinta ya bari. Ba ni son gona, ba ni son awaki. A ba ni tumunina a gwangwani na ukku.”

Ma'azu ya ce, “Inna, mi za ki yi da shi? Ko injin ba ki iya tayarwa.”

Ta ce, “Ba kallo zan yi ba. Yayanka na ciki.”

Ni ban san kun yi ɗa kafin Ma'azu ba. Shi ma labari kawai ya taɓa ji, ba suna. Yaro ne ɗan shekara huɗu, ruwa ya ci shi a fadamar shinkafa tun kafin a haife mu. Shekara talatin da wani abu Inna ba ta furta sunansa ba, ranar nan ma ba ta furta ba. Sai da na fito tsakar gida na tuna: kowace shekara, bayan sunaye sun ƙare, jita na shirin tsayawa, kakan ce “Lauwali” ƙasa ƙasa, sau ɗaya. Mun ɗauka wani ne daga tsallake ya aiko.

Ma'azu ya tashi ya fita. Malam Hassan ya ce abin da bai halatta ba ba ya shiga gado, balle a fitar masa da tumuni. Dattawa suka ce a bar wa alƙali. Zai zo zauren gidanka ranar Alhamis ta bayan Sallah, kwana ɗaya kafin arba'in, don rabon gado, kuma an ce in zo, don ni ce mai jin harshen. Tambayar Malam Hassan za a sake yi min, wannan karon da rantsuwa.

Ba ni da dabara, Kawu. Na je wurin malamai biyu a Sakkwato. Ɗaya ya ce a ƙone. Ɗaya, mai sauƙin hali, ya ce a cire muryar a bar hoton, bai san muryar a jikin zaren take ba. Na zauna da ƙamus ɗin da ka saya min ina neman wata fassarar da kalmomin za su ɗauka, ban samu ba. Baturen nan bai bar min ko ƙofar ɓera ba.

Saboda haka ga abin da zan yi. Zan faɗa wa alƙali abin da mawaƙin ya ce, tunda an rantsar da ni. Sannan zan roƙe shi ya bar ni in faɗi abin da aka ji a filin Kaoje Oktoba shida a jere, wanda ba daga bakin Bature ya fito ba. Zan ce a duk shekarun nan mutum ɗaya ne ya taɓa jin alfasha a wurin, ya kuma furta ta, kuma ba kai ba ne. In akwai alhakin da ke bin wani, ga mai shi a raye. Na san ba mai ɗaukar kayan wani ranar gobe ƙiyama. Na san ba lallai ne maganar mace ɗaya mai tabarau ta yi nauyi ba, balle wadda ita ta haƙa ramin.

Shi ya sa nake roƙo ta wannan shafi, kuma duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Namadi da Batulu, mutanen Sharabi da Matsinkai, Ɗanmusa da na Segbana, duk wanda Bunu ya taɓa kira masa suna a waƙar nan, na mutum ko na saniya, ya zo ƙofar gidansa ranar Alhamis da hantsi. Ba sai kun yi magana ba, na san ba abin da ake faɗa da rana ba ne. Ku zauna kawai alƙali ya gan ku. Ba don ni ba, ban cancanci ku taka ko ƙofa ba. Gwangwani biyu na hayaniya, in an ce a ƙone, a ƙone. Na ukun nake roƙo.

Ya Allah, ga bawanKa Bunyaminu ya zo maKa. Ka san abin da ke bakinsa, Ka san abin da ke zuciyarsa lokacin da yake faɗa, kuma Kai ne Ka ce ayyuka da niyya suke. Ka jiƙan sa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta baƙon da ba shi da kowa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, Ka haɗa shi da yayarsa da ɗansa. Ya Allah, Ka sa ya yafe min kafin ya tafi, ko da bai faɗa wa kowa ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannena, 'ya'yan Kawu mata, Kubura da Mariyamu da 'ya'yansu, da dukan dangi na Kaoje da Bagudo da tsallake, da tsofaffin abokan aikinsa na majigi. Ma'azu, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya sanyaya maka tsoron da kake ji wa Baba, Ya nuna maka abin da ya fi masa alheri ko da ba shi nake so ba. Inna Sabuwa, Allah Ya ba ki juriyar takaba, Ya sa ki fita lafiya, Ya bar miki tumuninki.

Rabi'atu Yero Kaoje
Sakkwato, 21 ga Satumba, 1982